Kiɗan da Na Yi wa Hannun Baba

Akwai mutum ɗaya a garin Jos da idan na hango shi tafe sai in ji abincin da na ci ya tsaya mini a ƙirji. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina ce ta haife shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaran garin nan suna sonsa kamar su haɗiye shi. Ba su ma san sunansa na yanka ba. Farfesa Daga-Farko suke ce masa, kuma in ya ratsa ta gaban wata firamare a lokacin tashi, sai ka ɗauka alewa ake rabo.

Sana'arsa ita ce ya hau dandamali cikin wata kwat da ta yi masa yawa, da tabarau marar gilashi, da 'yar sanda a hannu, ya koya wa yara kiɗan Turawa na dā, irin wanda ake rubutawa a takarda, makaɗa su zauna kowa da kayansa su karanta tare. Yana yi yana faɗuwa, yana ɓata rai, yana rigima da makaɗan, yara na ta ƙyaƙyata dariya. Ni na kasance mai buga masa fiyano. Shekara shida na yi ina kallon ƙeyarsa, na san kowane tabo da ke jikinta.

Kafin a ce hassada ce ke cina, bari in faɗi inda ya samo Farfesan nan. Daga gidanmu ya sato shi.

Mahaifina ya yi rayuwar aikinsa a badujalar 'yan sanda. Ya fara da busa, ya ƙare shi ne mai riƙe sanda a gaba, wanda in ya ɗaga hannu kowa ke ɗauke numfashi. A unguwar Ali Kazaure, inda muka tashi, in an tambayi aikinsa sai a ce ɗan sanda ne, a haɗiye sauran, don ba kowa ke ganin girman makaɗi ba. Shi kuwa ko a jikinsa. Da ya yi ritaya ya ajiye wata tsohuwar fiyano mai aiki da batir a zaure, ya zaunar da ni da ɗan gwaggon nan nawa, ya ce zai mai da mu mutane. Koyarwarsa kala ɗaya ce. In ka yi kuskure ba ya zagi, ba ya duka. Zai taɓa kunnensa na hagu da ɗan yatsa sau biyu, ya dubi rufin zaure kamar mai neman inda ke yoyo, ya ce, "Daga farko." Ko saura taɓi ɗaya ka gama, daga farko. In kuma ka buga daidai, sai ya juya takarda zuwa shafi na gaba. Yabonsa ke nan. Na girma, na yi aure, na zama malamin kiɗa a makaranta, ban taɓa jin Baba ya ce mini na yi da kyau ba.

Akwai kuma dokarsa guda da ya dasa mana kamar karatun sallah. Yakan ce, "Ko gidanku ke cin wuta, in lokacin shigarka ya yi, ka shiga. Makaɗin da ya bar rami a cikin kiɗa ya ci amanar sauran."

Ni na ɗauki karatun. Ɗan gwaggona ya ɗauki malamin. Har yau in ka ajiye masa takardar kiɗa sai ya yi ta bin ta da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, amma tun muna yara in Baba ya juya baya zai taɓa kunne, ya dubi rufi, ya motsa baki, ni kuma in fashe da dariya a mai da ni farko.

Matsalata da shi ita ce ba ni da izinin yin fushi. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, wato taubasai muke, abokan wasa. Al'ada ta ba shi bakina ta ba ni nasa. Ina ce masa bawana, yana ce mini maigida, kuma duk abin da ya gaya mini, ko da ya kai ɓargo, dole in yi dariya in rama. Wanda ya yi fushi da abokin wasansa shi ake yi wa kallon marar tarbiyya. Ya gane wannan tun yana ɗan ƙarami, ya mai da shi lema, ya shige ƙarƙashi bai sake fitowa ba.

Ƙungiyar da muke kiɗa a cikinta wata Bayarabiya ce ta haɗa, gwanar gogen Turawa, muna ce mata Madam. Yawancin makaɗan 'yan asalin Filato ne da suka koyi karatun kiɗa a coci, mutanen kirki, masu zuwa a kan lokaci. Burin Madam shi ne yara su ji wannan kiɗa tun kunnensu na ɗanye. Mun fara zagaya makarantu, kuma gaskiya abin bai yi armashi ba. Muna bugawa da dukan zuciyarmu, yara na hamma, wasu na tsunkulin juna, malamai na danna waya.

Shi a lokacin Keke Napep yake ja, kuma ni da kaina na kawo shi ya riƙa ɗaukar mana kaya. Da hannuna na jawo wa kaina. Wata rana Madam ta makara, ɗaki ya cika da hayaniya, sai gogan naku ya tsinci sandarta a kan tebur ya hau dandamali. Ya gyara tsayuwa irin ta Baba, ƙirji gaba, ƙafa a haɗe. Ya nuna ni da sanda. Na buga don in rufe hayaniyar. Ban yi nisa ba ya taɓa kunne sau biyu, ya dubi rufi, ya ce, "Daga farko!" Ɗakin ya tarwatse da dariya. Madam ta shigo ta tarar da yara sun yi tsit suna jiran abin da zai yi gaba, abin da ba ta taɓa samu ba. Kafin sati biyu an ɗinka masa kwat.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ko da yake ina so. Ya iya. Babban gogen nan mai ƙatuwar murya ya ce wa yara saniyar gidan madara na garin Vom ce, ƙaramin kuma ɗan maraƙinta, sai ga yara suna gane muryar kowanne a cikin taro. Kiɗa mai nawa ya ce keke ne ya ɗauko buhunan dankali yana hawan tudu, mai sauri kuma keken ne ya sauke kaya yana gangara. Har shiru ya koya musu, ya sa suna riƙe tafinsu sai sanda ta sauka. Abin da na kasa a aji cikin zango guda, shi yakan yi shi kafin a sha ruwa. Duk wannan na haɗiye. Tsayuwar Baba ce, kalmar Baba ce, amma Baba na da ƙarfinsa a lokacin, kuma kwaikwayon mai ƙarfi ba ya rage shi da komai.

Sai hannun Baba na dama ya fara rawa.

Da farko kaɗan ne, sai in ya ɗauki kofin shayi ka ji cokali na ƙara. Daga baya shayin ya fara zuba a riga. An je asibiti, an ba da magani, an ce sai haƙuri. Hannun da ya yi shekaru yana tsai da maza masu kaki da ɗagawa ɗaya, ya koma ba ya iya tsai da kansa. Baba bai taɓa yin maganar ba, mu ma ba mu yi ba. Yana fita masallaci, yana miƙa hannun a gaisa, yana cin abinci tare da mu a faranti ɗaya, in tuwo ya faɗi ya sake ɗauka.

Ran nan bawan nawa ya zo gaisuwa. Ya durƙusa, "Kawu ina wuni, ya ƙarfin jiki," da ladabi kamar gaske. Amma ina kallon idonsa. Ba fuskar Baba yake duba ba. Hannun yake bi, yadda ɓarawon kasuwa ke bin aljihu.

A gwajin da muka yi na gaba, Farfesa ya ɗaga sanda, sai hannunsa ya kama karkarwa. Ya kama shi da na hagu, ya ƙwace. Ya danne shi a hammata, sandar ta ci gaba da rawa ta baya. Makaɗa suka yi ta dariya har mai saniyar Vom ya share hawaye. Ba su san hannun wa suke yi wa dariya ba.

Na ja shi waje na ce, "Cire wannan. Ka san abin da kake yi."

Ya ce, "Haba maigida, kai nake tsokana fa. Dubi yadda ka kumbura."

Na ce, "Wasanka da ni ne. Baba kawunka ne, ba abokin wasanka ba."

Ya ce, "To ai ban ambaci sunan Kawu ba. Hannu ne kawai. Hannun mutum nawa ke rawa a garin nan? Oga, sassauta."

Ya wuce ciki yana fito. Madam kuwa ta riga ta ƙyasa. Ta ce wannan ne zai koya wa yara yadda ake sa sauti ya yi karkarwa, abin da ta daɗe tana neman hanyar nuna musu. Aka ce makaɗa su bi hannun. Suka bi, abin ya fito a hargitse, masu goge na gaba, mai ganga na baya, kowa da inda ya nufa. Sau uku ana yi, sau uku yana soka mini kunne.

A nan ne zan faɗi abin da ban cika faɗa ba in ina zaginsa a gaban mutane. Da na koma gida na ɗauki takarda da fensir na rubuta wa wurin ɗan guntun kiɗa. Na ce wa kaina tun da dai ba zan iya hanawa ba, gara a yi shi bisa ƙa'ida. Na sa fiyano ta fara karkarwa a hankali, kamar cokali a cikin kofi, sannan goge su shigo, sannan abin ya kumbura ya zube. Ban sha wahalar rubuta shi ba, don na san yadda hannun ke yi fiye da kowa. Kullum ina ganinsa a kan faranti. Da muka gwada washegari, ya zauna kamar an auna. Nan da nan ya zama abin da yara suka fi so a wasan gaba ɗaya. Farfesa zai ce, "Kowa ya ɗaga hannu!" sai ɗaki ya cika da ƙananan hannuwa suna rawa, ni kuma ina ba su kiɗa.

Na kai ƙararsa wurin Gwaggo, amma ban iya faɗin ainihin laifin ba, don magana in ta shiga gidanta ba ta kwana ba ta isa namu ba. Na ce dai yana wuce gona da iri. Ta dube ni ta ce, "Kai yanzu da girmanka, da gemunka, fushi kake da abokin wasanka? Kar ka bari a ji." Na tashi da kunyata.

Muka yi wata da watanni a haka. Baba ba ya zuwa irin waɗannan wurare, na sa a raina ba zai taɓa gani ba. Amma rana dubu ta ɓarawo. Makarantar da 'yata ke zuwa ta gayyace mu. Yarinyar tana aji biyu a lokacin, kuma ita da kakanta ba a shiga tsakaninsu, tana ce masa angona, yana ce mata uwargida. Ta dawo gida da murna ta faɗa jikinsa ta ce, "Angona, Farfesa zai zo makarantarmu! Mai cewa daga farko!" Har da taɓa kunne. Baba ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Ashe haka? To uwargida, ki riƙe mini kujera."

Na kawo uzuri iri-iri. Na ce damina ce, ɗakin taron akwai sanyi, kujerun na yara ne, hayaniya za ta dame shi. Ya ce, "Ni da na yi fareti ƙanƙara na dukana, sanyin ɗaki za ka tsoratar da ni da shi?" Maganar ta ƙare a nan.

Ana gobe wasan na bi bawan nawa har Anguwan Rogo. Na same shi a shagon tela, an sa masa kwat ɗin ana gyara hammatar da ya yage wurin danne hannu. Ban ko yi sallama da kyau ba.

Na ce, "Baba zai zo gobe. Ka tsallake wurin hannun."

Ya dubi hammatar kwat ɗin, na ɗauka kunya ta kama shi. Sai ya ce, "Yaran shi suke jira fa. In na cire su za su tambaya da kansu, ka ga ya fi muni. Kuma Kawu ba yaro ba ne, ya san wasa."

Na ce, "Wallahi in ka yi, ba zan buga ba."

Ya ɗaga kafaɗa, har tela ya ce masa ya tsaya kar allura ta soke shi. Ya ce, "To kar ka buga mana, maigida. Fiyano a hannunka take. In babu kiɗa ai abin ba zai yi ba, sai in wuce." Ya yi murmushin nan nasa da na tsana. Da ba a shagon mutane muke ba, da na shaƙe shi da kwat ɗin.

Washegari ɗaki ya cika. Baba na layin gaba cikin farar babbar riga, 'yata a gefensa ta riƙe masa hannun hagu. Farfesa ya fito, ƙirji gaba, ƙafa a haɗe. Da ya ce "Daga farko!" na saci kallon Baba, na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya gane kansa, kuma bai ji zafi ba. Saniyar Vom ta yi kuka, keke ya hau tudu ya gangaro. Na fara sa rai marar kunyar nan zai ji tsoron Allah.

Sai ya ɗaga sanda, hannunsa ya kama rawa.

Yara suka yi ihun murna, sannan suka yi tsit kamar yadda ya koya musu, suna jiran fiyano. Masu goge sun ɗora baka a kan tsirkiya, idonsu a kaina, don daga ni za su karɓa. Madam ta juyo. Shi ma ya waigo ta ƙarƙashin tabaransa marar gilashi. Na riga na yanke shawara tun jiya, hannuwana na kan cinyata. Na ji lokacin shigata yana tahowa, ɗaya, biyu, uku, na ji ramin da zai buɗe a tsakiyar kiɗa da mutum goma sha wani abu suna jirana a bakinsa. Ban san lokacin da yatsuna suka hau ba. Na shiga daidai kan lokaci, ko ƙiftawar ido ban makara ba, kuma ban taɓa buga shi da tsabta kamar ranar ba.

"Kowa ya ɗaga hannu!"

Ɗaki ya ɗauka. 'Yata ta saki kakanta ta ɗaga nata tana karkaɗawa tana dariya. Ta juya don ta ga ko shi ma yana yi, sai idonta ya sauka a kan hannunsa na dama da ke kan gwiwa, yana rawa shi kaɗai, yana tafiya tare da kiɗana taɓi da taɓi. Na ga dariyar ta bushe a fuskarta. Ta sauke hannunta a hankali. Baba ya ɗora na hagu a kan na daman, ya ja shi cikin hannun riga. Bai sunkuyar da kai ba, ya ci gaba da kallon dandamali har aka gama.

Bayan an tashi, Farfesa ya zo ya durƙusa a gabansa da kwat ɗinsa da komai, gumi na zuba. Ya ce, "Kawu, a yi mini afuwa, wasan yara ne." Baba ya dube shi ya ce, "Ba a riƙe sanda kamar muciya. Sassauta yatsu. Ka gai da uwarka." Abin da ya samu ke nan, ya tashi yana washe baki kamar an ba shi lambar yabo.

Muka hau keke ni da Baba da yarinyar, ruwa ya fara sauka, mai keke ya saki labulen leda. Ina ta shirya yadda zan wanke kaina, in ce na hana shi, na bi shi har shagon tela, a tambayi telan. Mun kusa gida Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wancan ba ya iya rubuta kiɗa. Wa ya rubuta na wurin hannun?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya jinjina kai. Muka wuce masu gasa masara, muka sha kwanar layinmu. Sannan ya ce, "Ya zauna. Babu abin gyara a ciki."

Fiye da shekara talatin ina jiran wannan magana daga bakinsa. Da na san a kan abin da zan same ta ke nan, da na roƙi Allah ya bar ni da daga farko har in mutu.

Tun daga ranar Baba bai sake cin abinci tare da mu ba. Ya ce a riƙa kai masa ɗaki, ya tura ƙofa. In za a gaisa a masallaci sai ya ɗora hannun hagu a ƙirji ya ɗan rusuna, na daman yana cikin riga. Bai yi wa kowa faɗa ba, bai sake tayar da maganar ba har Allah ya karɓi abinsa a daminar da ta biyo.

Na bar ƙungiyar a satin da aka yi wasan. Madam ta yi ta kira, na ce aiki ya yi mini yawa. Sun sami wani mai fiyano, na kuma bar musu takardar, don ko taɓa ta ba na son yi. Farfesa yana nan yana cika ɗakuna, hannunsa na rawa, iyaye na sa masa albarka. A wurin zaman makoki shi ya fi kowa kuka, kuma na yarda kukan gaskiya ne, abin da ya ƙara mini haushinsa ke nan. In mun haɗu a sabgar dangi yakan ce, "Maigida, har yanzu?" Dangi su yi dariya su jira in rama. Ba na ramawa. An ce laifi tudu ne, na sani, kuma na san wanda nake tsaye a kai in ina hango nasa. Sanin bai sa na daina ƙinsa ba. Shi ya ga hannun ya ɗauka, kuma shi ya san irin tarbiyyar da aka yi mini har ya tabbata zan buga.

Kwanakin baya ina zaune a zauren Baba ina duba takardun ɗalibai, sai ga 'yan makaranta sun taso suna wucewa ta layinmu. Suna rera ɗan kiɗan nan da baki, suna karkaɗa hannuwa a sama. Ba su san daga gidan da suke wucewa ya fito ba. Na tsaya ina saurare. Suna sauri fiye da kima, kuma sun haɗiye taɓi biyu a tsakiya. Na ji yatsana ya tafi kunnena na hagu. Na tashi na rufe ƙofar.